Aro, Haya da Jingina: Tarihin Mai Ƙaramin Jari a Kasuwar Ƙasa ta Arewacin Kano

Ƙasar da ta shimfiɗu arewa da ganuwar birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin yankunan karkara mafi yawan jama'a a Afirka ta Yamma, kuma wannan cika tata ta girmi titin jirgin ƙasa, ta girmi mulkin Turawa baki ɗaya. Masana labarin ƙasa sukan kira ta yankin matsattsen zama na Kano, suna nufin karkarar da gona take manne da gona, ake noma kowacce a kowace damina, babu saura, wato gonar da aka bari ta huta na wasu shekaru, kuma babu dajin da saurayi zai ɗauki gatari ya sara ya ce ya yi gona. Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a gundumar Ungogo a shekarun 1960 lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shata iyakar yankin da wuraren da mutane suka haura 350 a kowane murabba'in mil, ya kuma nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana nome ta duk shekara. A irin wannan wuri ƙasa takan yi farashi da wuri, farashin kuma yakan fi ƙarfin yawancin waɗanda suke zaune a kanta. Saboda haka tambayar da masu ƙaramin jari suke yi yau a manyan biranen duniya, wato yadda mutum zai fara mallakar abin da zai ba da haya alhali kasuwa ta yi tsada, tsohuwar tambaya ce a arewacin Kano, kuma mutanen yankin sun daɗe da tsara mata amsa. A bisa wannan tsari mai ƙaramin ƙarfi yakan fara ne da wani ɓangare na haƙƙin gona, ta hanyar aro ko haya ko jingina, ya riƙe shi har ƙarfinsa ya kai na saye, ko kuma har ƙarfin mai gonar ya ƙare.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa sabuwar sarauta a Kano a farkon ƙarni na 19, ƙa'idar da malamai suka shimfiɗa ita ce ƙasa amana ce a hannun shugaba, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan dalilan da suke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa, wato wadda ba ta da mai ita kuma ba a raya ta ba. A aikace kuwa hakimai suna zaune a birni, jakadunsu suna zagaya ƙauyuka suna karɓar kuɗin ƙasa da zakka, dagatai kuma suna raba gonakin da masu su suka yi ƙaura ko suka mutu babu magaji. Manyan filaye suna hannun sarauta da attajirai a matsayin rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Fanisau, wadda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar ribaɗi, wato sansanin tsaro, saboda yaƙinsa da wani abokin gaba mai suna Ɗan Tunku, kuma inda Baturen nan Hugh Clapperton ya same shi a 1824, ta zama ɗaya daga cikin manyan gandayen sarki a arewacin birni. Gonar talaka gado ce muddin yana biyan abin da aka ɗora masa, kuma ko da yake masu mulki ba su cika amincewa a fili cewa ana sayar da ita ba, hujjojin da masu bincike irin su Polly Hill suka tattara sun nuna cewa a kewayen birni gona tana sauya hannu da kuɗi tun kafin 1903.

Dalilin da ya sa gonar wannan yanki ta cancanci kuɗi yana cikin yadda ake ciyar da ita, domin ƙasar jigawa ce, rairayi ya fi yawa a cikinta, kuma idan aka noma ta shekara uku ko huɗu a jere ba taki sai ta gaji. Abin da ya riƙe ta ƙarni bayan ƙarni shi ne kashin awaki da tumaki da ake ɗaurewa a gida duk damina, da toka da sharar tsakar gida, da kuma jujin birni. Da rani jakuna sukan shiga Kano da asuba ɗauke da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da taki, a sauke shi tsibi-tsibi a jere a cikin gona, ya jira bazara a watsa shi kafin ruwan shuka. A kan wannan akwai itatuwan da aka bari da gangan, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo, waɗanda kowannensu yake da mai shi, har akan gāji itace ko a sayar da shi dabam da gonar da yake tsaye a cikinta. Gona biyu masu faɗi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a farashi saboda ɗaya ta sha taki shekara ashirin, ɗayar kuma an yi sakaci da ita. A nan ne ƙofa ta farko ta buɗe wa marar kuɗi, domin wanda yake da jaki ɗaya da lafiyar jiki yana iya karɓar gajiyayyar gona da araha, ya yi ta jigilar taki har ta farfaɗo, ya zama ya biya da gumi abin da wani zai biya da wuri ko da sulalla.

Kuɗin farawa kuwa ba kasafai suke fitowa daga noman kansa ba. A tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa maza suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, akan yanka wa ɗa gayauna, wato 'yar gonar da yake nomawa da yamma ko a ranar da aka ware masa, amfaninta kuma nasa ne shi kaɗai, sai dai ba ta isa ta tara masa jari mai kauri ba. Idan uba ya rasu aka yi rabon gado bisa shari'a, gonar da ta ciyar da gida ɗaya sai ta zama yanki biyar ko shida, kowanne bai kai ya riƙe iyali ba. Abin da ya cike giɓin shi ne sana'ar rani, kamar saƙa, wadda Minjibir ta yi suna a kanta, da rini da jima da ɗinki da fatauci da dakon kaya a kan jaki, sai kuma cin rani, wato tafiya neman kuɗi bayan an gama girbi. Tun asali, saboda haka, kasuwar gona a arewacin Kano tana shan ruwa ne daga kasuwar birni, kuma wanda sana'arsa ta yi albarka shekara biyu ko uku a jere shi ne yake fara tambayar dillalai ko akwai wanda yake neman rabuwa da gona.

Mataki mafi sauƙi shi ne aro, inda mai gonar da ta fi ƙarfinsa, ko tsoho, ko wanda ya yi nisan tafiya, yake ba wani ya noma ba tare da an yanka kuɗi ba, shi kuma mai aron ya kai masa dami ɗaya ko biyu da kaka a matsayin godiya da kuma shaidar cewa bai manta mai gona ba. Aro yana da rauni guda da kowa ya sani, wato mai aro ba ya sakin jiki ya zuba taki sosai, don yana tsoron ranar da gonar ta yi kyau a ce masa ana bukatarta, mai gona kuma ba ya son ya bar ta a hannu ɗaya shekaru da yawa, don kada 'ya'yan mai aron su tashi suna ganin ta ubansu ce. Haya ta fi aro tsari, domin ana yanka kuɗi da wa'adi, yawanci damina ɗaya. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantawa a zaurukan yankin, ta halatta hayar ƙasa da kuɗi, amma ta hana a yi hayarta da abinci ko da abin da take fitarwa, kuma wannan hukunci ya sa malamai suka daɗe suna sa ido a kan yarjejeniyar noma-mu-raba, inda ake kasa amfanin gona tsakanin mai ƙasa da mai noma.

Jingina ce ta fi kowanne tasiri a tarihin mai ƙaramin jari, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ma'anarta ita ce mai gona ya karɓi kuɗin da bai kai farashin gonar ba, ya miƙa ta ga wanda ya ba shi, shi kuma ya ci gaba da nomanta yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa daidai yadda ya bayar. Akan ƙulla ta ne a zauren mai unguwa ko na dagaci, gaban shaidu, galibi maƙwabtan gonar, waɗanda sukan bi iyakarta da ƙafa suna nuna layin gamba ko na lalle da ya raba ta da ta wani, sannan a ƙirga kuɗi a bainar jama'a, a yi fatiha. Sharaɗin da ba a cika mantawa da shi ba shi ne ba a fansar gona tana da shuka a ciki, sai an yi girbi an kwashe kara. Ga wanda yake da rabin kuɗin gona ko ƙasa da haka, wannan hanya ce da ba ta da na biyu, domin ya sami gonar nomawa ko ta bayarwa haya, uwar kuɗinsa kuma tana nan ba ta ragu ba. Abin da yake biyo baya shi ne ya sa jingina ta zama hanyar saye a hankali, saboda mai gonar da ya kasa fansa yakan dawo bayan shekara ɗaya ko biyu ya nemi ƙari a kan bashin, don aurar da 'ya ko jinya ko biyan haraji, ya sake dawowa, har jimillar ta kusa farashin gonar, daga nan sai a kira shaidu a cika masa abin da ya rage, jingina ta koma ciniki.

Malamai ba su taɓa sakin jiki da wannan al'ada ba, kuma suna da hujja. A fiƙihun Malikiyya abin da aka jinginar tabbaci ne na bashi kawai, kuma idan bashin rance ne, cin amfanin abin jinginar ya shiga cikin rancen da ya jawo riba, wanda aka haramta. Mutanen karkara sun san wannan hukunci, wasu sukan kauce masa ta hanyar rage wani abu daga bashin kowace shekara a matsayin kuɗin haya, wasu kuma sukan yi shiru saboda larura. Duk wanda ya dubi al'amarin da idon adalci zai ga cewa damuwar malaman ta wuce batun lafazi, domin a yankin da babu sabuwar ƙasa, kowace gonar da ta shiga hannun mai tasowa daga hannun wani ta fita, kuma wanda ta fita daga hannunsa yawanci maƙwabci ne ko ɗan'uwa wanda rumbunsa ya ƙare kafin gero ya nuna. Duk da haka bai dace a manta ba cewa jingina ta bar wa matalauci ƙofar dawowa, abin da sayarwa ba ta bari, kuma akwai gonaki da yawa da 'ya'ya suka fanso bayan iyayensu sun daɗe da rasuwa.

Zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ya ƙara wa wannan kasuwa wuta alhali dokarsu tana cewa babu ita. Gwamna Percy Girouard, wanda ra'ayin marubucin Amurka Henry George ya yi wa tasiri, wato ra'ayin cewa ribar da take fitowa daga ƙasa kanta ta jama'a ce, ya sa aka kafa kwamitin binciken ƙasar Arewa a Landan a 1908, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910 wadda ta sanya duk ƙasar Arewacin Nijeriya a ƙarƙashin ikon gwamna, ta bar wa manomi haƙƙin zama da amfani kawai. A daidai wannan lokaci gwamnatin ta shigo da awon taki a gundumomin da suke kewaye da birni, inda malaman taki suke auna tsawo da faɗin kowace gona da takun ƙafa, su rubuta sunan mai ita, a yanka masa haraji gwargwadon girmanta. Wannan rajista, wadda aka yi don haraji, ta ƙarfafa tunanin cewa kowace gona tana da mutum ɗaya da sunansa yake kanta. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa wakilai a kasuwannin ƙauye, sulalla ta kori wuri, haraji kuma ya zama sai da ita. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914 ta auka wa ƙasar Kano a lokacin da manoma da yawa suka ba gyaɗa wurin da da na hatsi ne. Littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na waɗannan shekaru, waɗanda Allan Christelow ya tattara ya fassara, suna ɗauke da ƙararraki masu yawa a kan gonaki da gidaje da gado, abin da yake nuna yadda ƙasa ta zama abin jayayya a ƙasar da doka ta ce ba a mallakarta.

Matsayin mata a wannan tarihi ya sha juyi sau biyu cikin shekara talatin da ɗaya. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, a 1954 kuma Sarki Muhammadu Sanusi ya dawo musu da wannan haƙƙi, kamar yadda Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a garin Ungogo, ya bayyana dalla-dalla. Dawowar haƙƙin ta yi tasiri a kasuwar haya fiye da yadda ake lura, saboda matar aure a wannan yanki galibi tana kulle, ba ta fita noma, don haka gonar da ta gada sai ta bar ta a hannun ɗan'uwa ko miji, ko ta ba da ita aro ko haya. Mata kuma suna da nasu hanyoyin tara jari waɗanda suka fi na maza haƙuri, wato kaɗi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa da yara suke talla, da kiwon awaki, da adashi, inda kowacce take zuba abin da aka yanka a ɗauka bi da bi. Ta haka akuya takan zama tumaki, tumaki su zama sa, kuɗin sa kuma su karɓi jinginar gona ta hannun wakili, sau da yawa ba tare da sunan matar ya fito a zaure ba.

Binciken da aka yi a shekarun 1960 da 1970 ya nuna fuska biyu na al'amarin. Mortimore ya ga tsarin noma mai ƙarko wanda yake ciyar da jama'a masu yawa ba tare da ƙasa ta mutu ba, kuma aikin da aka ci gaba da yi a ƙauyen Tumbau na Gezawa a shekarun 1990 ya ƙarfafa wannan gani. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 sannan a Ɗorayi kudu maso yammacin Kano a farkon shekarun 1970, ta fi mai da hankali ga waɗanda tsarin ya bari a baya, wato magidantan da talauci ya hana su noma gonarsu yadda ya kamata, saboda a makonnin da ya dace su yi noman fari a tasu suna can suna ƙwadago a ta wani don abincin ranar. Irin waɗannan su ne masu jinginarwa da sayarwa. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta hallaka gyaɗa a 1975, sun ƙara yawansu, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara cika aljihun ma'aikata da 'yan kwangila a birni, waɗanda suka fito ƙauye neman gona da farashin da manomi ba zai iya tayawa ba.

Madatsun ruwan da aka fara ginawa tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, irin su na Jakara a ƙasar Minjibir da Tomas a wajen Dambatta da Watari a Bagwai, sun buɗe wata kasuwar hayar dabam. Fadama ta daɗe tana da daraja, ana ban ruwa a cikinta da jigo, amma shigowar ƙananan injinan ban ruwa a shekarun 1980 ta sa kadada ɗaya a bakin ruwa ta fi kadada da yawa a tudu kawo kuɗi. Hayar fadama ta rani ɗaya, don tumatir da albasa da latas da kabeji da ake kaiwa kasuwar 'Yankaba, ta zama hanyar da samari marasa gado suke fara tara jari, ta kuma zama kuɗin shiga tabbatacce ga wanda ya gaji yanki ko da ƙarami ne kusa da ruwa.

Hayar ɗaki kuwa baƙuwa ce a karkarar Kano idan aka kwatanta ta da hayar gona. A tsohon tsari baƙo yakan sauka ne a gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, wanda ba ya karɓar kuɗin kwana, ribarsa tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa, kuma karɓar kuɗin ɗaki daga hannun baƙo abin kunya ne ga magidanci. Gidan haya ya yi ƙarfi ne a Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913 don ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni daga kudu, da kuma Fagge, daga nan ya bazu. Ya isa garuruwan arewacin Kano sosai bayan 1976, shekarar da aka sake tsarin ƙananan hukumomi aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, domin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na sakatariya da aka turo daga wasu garuruwa suna bukatar wurin kwana. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi da kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta sun kawo ɗalibai, kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙasar Dawakin Tofa, wadda ta bunƙasa daga shekarun 1980 har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ta kawo bukatar shaguna da rumbunan ajiya da ɗakunan 'yan dako.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, ta ɗora a kan tubalin 1910 da na dokar Arewa ta 1962. Ta damƙa ƙasar birane ga gwamnan jiha, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara, ta taƙaita diyya ga abin da aka gina ko aka shuka, kuma ta hana a yanka gonar karkara fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani. Abin da ya faru a ƙasa ya saɓa wa wannan gaba ɗaya. Birni ya tsallake ganuwa ya malala cikin ƙasar Ungogo, ta Bachirawa da Rijiyar Zaki da Gayawa da Tudun Fulani, har ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 360,000 a ƙaramar hukumar, kuma akasarin wannan faɗaɗa ta hanyar awon igiya aka yi ta. Awon igiya shi ne mai gona ko magadansa su kira dillali da mai awo, a ja igiya a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a bar siririn lungu, a kafa turaku, a rubuta takardar ciniki wadda mai unguwa da dagaci za su sa wa hannu. Babu tsarin magudanar ruwa, babu filin makaranta, babu takardar mallaka ta gwamnati, amma farashin ya yi ƙasa da na fulotin gwamnati nesa ba kusa ba, kuma akan yarda a biya kashi-kashi.

A kan irin wannan fili ne mai ƙaramin jari na yau yake farawa, kuma yadda yake yi ya gaji haƙurin kakanninsa. Ɗan kasuwar Dawanau ko tela ko direba yakan sayi rabin fuloti da kuɗin adashi ko na ragunan da ya yi kiwo don babbar salla, ya kewaye shi ko ya zuba harsashi don kada a sayar wa wani a bayansa, sannan ya riƙa sayen bulo ɗari ko ɗari biyu duk lokacin da ya sami sarari. Abin da yake fara rufawa da kwano shi ne shago a bakin hanya, domin shi ne yake saurin samun ɗan haya, kuɗin hayar shekara da aka biya a dunƙule kuma su ne suke sayen simintin ɗaki na gaba, har a kai ga ciki da falo biyu ko uku da banɗaki ɗaya a tsakar gida. Banki ba ya cikin wannan lissafi, saboda bankuna suna neman takardar mallakar da fulotin awon igiya ba shi da ita, mutane da yawa kuma suna gudun bashi mai ruwa, kuma ko bayan buɗe bankin Jaiz marar ruwa a 2012 sharaɗin takarda bai sauya ba. Kuɗin hayar da ake samu a unguwannin gefen birni kaɗan ne idan aka auna su da abin da aka kashe, musamman bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 da kuma tashin farashin siminti da kwano bayan 2023, don haka ainihin ribar tana cikin tashin farashin filin kansa, haya kuwa tana riƙe gida ne kawai tana biyan gyara.

Wannan sauyi ya raunana tsofaffin matakan. Inda ake kallon gona a matsayin fulotan gobe, farashinta ya daina bin yawan damin da take bayarwa, jigilar taki ba ta ƙara mata komai a idon mai saye, kuma mai ita ya fi son ya yanki gefe ya sayar a kan ya jinginar da ita duka. Manomin da ya sayar a Ungogo yakan ɗauki kuɗin ya nufi Makoɗa ko Kunci ko ƙasar Kazaure ya sayi wadda ta fi ta faɗi, abin da yake ɗaga farashi a can ya fi ƙarfin samarin wurin. Haɗarin da yake kan mai ƙaramin jari kuma ya ƙaru, domin fili ɗaya yana iya samun masu saye biyu, wani magajin da ba a shawarta ba yana iya tasowa bayan shekaru, musamman mace da aka danne wa rabo, kuma hukumar tsara birane tana iya zuwa da rusau idan hanya ta biyo ta wurin, a biya diyyar gini ko a ƙi biya, ba a kuma biyan ta ƙasa.

Jamhuriyar Nijar, wadda kudancin jihar Maraɗi a cikinta yake fama da irin wannan matsi na ƙasa, ta bi wata hanya dabam tun 1993, lokacin da ta kafa ƙa'idojin dokar karkara da kwamitocin kula da ƙasa har zuwa matakin ƙauye, waɗanda suke ba da takardar shaida a kan sayarwa da kyauta da aro da haya da jinginar gargajiya, kowanne da irin takardarsa. Aikin kwamitocin bai kai ko'ina ba, amma ya amince da cewa waɗannan ma'amaloli suna nan kuma sun cancanci kariya. A arewacin Kano har yanzu jinginar gona da aronta sun dogara ne ga takardar hannu da ke ajiye a akwatin wani, ko ga shaidun da suka bi iyaka ranar da aka ƙulla, kuma idan rigima ta kai gaban alƙali bayan shekara talatin, magadan mai gona suna cewa jingina ce, magadan mai riƙe da ita suna cewa an cika kuɗi ta zama ciniki, hukuncin yakan rataya ne a kan ko cikin shaidun akwai wanda ya rage da rai, in babu kuwa sai a koma ga rantsuwa.